Abin da ke hana injin suya mai aiki da gas kamawa, da yadda ake gano shi

Ranar Talata da sassafe, kafin motocin Gusau da na Sakkwato su fara sauke 'yan kasuwa a Talata Mafara, mai gidan abincin da ke da injin suya ya riga ya zuba mai a tukunya, an wanke kifi, an fere dankali. Abin da ya rage shi ne a danna maɓalli wuta ta tashi. A irin wannan lokaci ne injin kan ƙi. Wani sa'in 'yar ƙaramar wutar da ke can ƙasan tukunyar ta ƙi kamawa sam, wani sa'in ta kama, amma da zarar an ɗaga hannu daga maɓallin sai ta mutu. Ɗanyen kifi ba ya jira, musamman a watannin bazara, kasuwar kuma sau ɗaya take ci a mako. Mai gyaran da ya ƙware a kan irin wannan inji sau da yawa yana Gusau ko Sakkwato, kuma a halin rashin tsaron da ake ciki ba kowa ke son hawa hanya domin ƙaramin aiki ba.

Yankin Bakolori, wanda ya haɗa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara, wuri ne da abin suya ba ya yankewa. Madatsar ruwan da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina a kan Kogin Sakkwato, aka kammala a 1978, ta kawo noman rani a fili mai faɗin dubban kadada, ta kuma samar da tafkin da masunta ke kamo tarwaɗa da karfasa. Dankali da albasa da tumatir da shinkafa duk ana noma su a nan. Shekara da shekaru da itace da kasko ake suya, to amma shiga daji neman itace ya zama kasada, farashinsa da na gawayi ya hau. Gwamnatin Tarayya ma, tun a watan Maris na 2021 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin shekara goma na bunƙasa amfani da iskar gas, take kira ga jama'a su koma ga gas. Masu gidajen abinci da masu yin cincin da fanke da suka amsa wannan kira sun sayi injuna, amma ilimin kula da su bai iso tare da su ba.

Yadda 'yar wutar ke aiki

Injin suya na kasuwanci yana da wuta iri biyu. Akwai babban murhu da ke dafa man, wanda ke kunnuwa yana mutuwa da kansa gwargwadon zafin da aka saita. Akwai kuma 'yar wuta, wadda masu gyara ke kira failot, da ke ci ba dare ba rana muddin ana aiki. Ita ce ke kunna babban murhun duk lokacin da ya buƙaci tashi, kuma ita ce shaidar da injin ke dogaro da ita kafin ya yarda ya saki gas.

Shaidar tana zuwa ne ta wani ɗan ƙarfe mai kama da kan alƙalami da ke tsaye a cikin harshen 'yar wutar, ana kiransa tamokoful. A cikinsa an haɗa ƙarfe iri biyu mabambanta. Tun a 1821 wani masanin kimiyya Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka ɗumama mahaɗar ƙarafa biyu irin wannan, lantarki kaɗan yakan fito. Tamokoful mai lafiya yana ba da milibolt 25 zuwa 30, milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Wannan ɗan lantarkin ya isa ya riƙe wani ƙaramin maganaɗisu a cikin bawul ɗin gas, shi kuma maganaɗisun ya riƙe ƙofar gas a buɗe. Idan mutum ya danna maɓalli, da ƙarfin hannunsa yake buɗe ƙofar. Bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, ƙarfen ya yi zafi, maganaɗisun ya karɓi aikin, sai a saki. In iska ta kashe wutar, ƙarfen zai huce, lantarki ya yanke, ƙofar ta rufe da kanta.

Manyan injunan da ake ƙerawa a Amurka, irin su Pitco da Frymaster da Imperial, da yawansu suna amfani da babban yayan tamokoful da ake kira tamofayil. Shi tarin tamokoful ne a cikin kwanso ɗaya, ya fi kauri, kuma yana iya ba da kusan milibolt 750. Da wannan lantarkin injin ke buɗe babban murhu, shi ya sa irin waɗannan injuna ba su buƙatar wutar lantarki ko janareta, abin da ya dace da garuruwan da wuta ba ta zama. A kan hanyar wannan lantarki akwai masu gadi biyu. Na farko shi ne tamostat, wanda ke tsayar da zafin mai a inda aka saita, yawanci tsakanin digiri 175 zuwa 190 a ma'aunin Salshiyos. Na biyu shi ne birkin zafi, wani makunni da ke yanke komai idan man ya kai wajen digiri 230. A injuna da dama, idan wannan birki ya kama, har 'yar wutar yake kashewa.

Ke nan abu huɗu ne dole su cika kafin injin ya yi aiki: gas ya iso da ƙarfin da ya dace, a sami abin da zai kunna shi, harshen wutar ya lulluɓe kan ƙarfen, sannan lantarkin ya bi wayoyinsa ya isa bawul ba tare da ya zube a hanya ba. Duk wata matsalar kamawa tana cikin ɗayan huɗun nan. Aikin mai bincike shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai sauƙi da araha.

Kafin a taɓa komai

Gas ɗin girki ya fi iskar da ake shaƙa nauyi, tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu. Idan ya tsiyaye, ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin inji da kusurwoyin ɗaki da magudanar ruwa. Kashi biyu cikin ɗari kacal na iskar wuri idan ya zama gas, ya isa ya kama da wuta. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya ji shi. Don haka idan aka ji warin, a rufe tukunyar gas daga kanta, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a ƙyasta ashana, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a tayar da janareta a kusa. Wurin da ke yoyo da ruwan sabulu ake nemansa: a shafa a mahaɗar tiyo, inda kumfa ta riƙa tasowa nan ne. Masu gwadawa da ashana suna wasa da ransu ne da na maƙwabta. Fashewar da ta auku a wani shagon sayar da gas a Sabon Tasha da ke Kaduna ranar 4 ga Janairu, 2020, wadda ta halaka mutane ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, ta nuna cewa wutar gas ba ta tsayawa a kan mai shi kaɗai.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke rubuce a jikin kusan kowane inji. Idan an yi yunƙurin kunnawa bai yi ba, a mayar da maɓalli wurin kashewa a jira minti biyar kafin a sake, domin gas ɗin da ya taru ya watse. Sannan ba a kunna inji tukunya ba mai, domin ƙarfen zai ƙone ya tsage, birkin zafi ma ya lalace.

Idan wutar ta ƙi kamawa sam

A fara da tambaya mafi sauƙi: gas yana isowa? A ɗaga tukunyar a ji nauyinta, a duba ko kan tukunyar a buɗe yake, ko tiyo ya lanƙwashe a bayan inji, ko wani ya rufe bawul ɗin da ke kan bututu lokacin shara. Idan an canja tukunya yanzu, tiyon cike yake da iska, sai an daɗe ana danne da maɓalli kafin gas ya kore ta. Wasu rigiletoci kuma suna da abin da ke toshe hanya idan gas ya fito da ƙarfi lokaci ɗaya. Irin waɗannan sai an rufe, an ɗan jira, sannan a buɗe a hankali.

Idan an danna maɓalli a wuri marar hayaniya, akan ji ɗan sautin fitar gas a wurin 'yar wutar. In ana jin sa amma wuta ba ta kama ba, laifin na ƙyastu ne, wato abin da ke ba da tartsatsi idan an matsa shi ya yi ƙas. A leƙa a ga ko tartsatsin yana fita, kuma a ina yake sauka. Tazarar da ke tsakanin bakin ƙyastun da kan 'yar wutar bai kamata ta wuce kimanin milimita uku ba. Maiƙo da danshi da tsagewar farin tangaran ɗin da ke lulluɓe da shi duk suna sa tartsatsin ya sauka a wani wuri. Hanyar tabbatarwa ita ce a kunna da dogon ashana ko doguwar leta, fuska nesa da ƙofar murhu. In ta kama, an gano cewa ƙyastun ne, kuma ana iya ci gaba da aiki a haka har a samo sabo.

In kuwa ba a jin fitar gas alhali tukunya na da shi, mafi yawan lokuta jet ne ya toshe. Jet ɗin 'yar wuta rami ne da bai kai kaurin allura ba. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Zamfara daga Disamba zuwa Fabrairu, idan ta haɗu da maiƙon suya, takan zama kamar ƙullu ta like shi. Injin da aka ajiye makonni ba a amfani da shi kuwa, gizo-gizo da zanzaro kan shiga bututunsa su yi gida. Gyaran shi ne a rufe gas, a kwance jet ɗin, a wanke, a hure shi da iska. Kada a soka masa allura ko waya. Ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa, kuma daga ranar wutar za ta riƙa fitowa da girma tana hayaƙi.

Idan ta kama amma ta mutu da an saki maɓalli

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi wajen sayen kayan da ba su ne suka lalace ba. Ma'anarta ɗaya ce: lantarkin da ke isa ga maganaɗisun bai kai ya riƙe ƙofar ba. Dalilan ne suke da yawa.

Na farko shi ne gaggawa. Yaron shago da ya danna na daƙiƙa goma ya saki bai ba ƙarfen lokacin yin zafi ba. A danna har ƙasa, a riƙe minti ɗaya cur, musamman da sanyin safiya.

Na biyu shi ne siffar harshen wutar. Lafiyayyar 'yar wuta shuɗiya ce, tsayayya, kuma tana lulluɓe kimanin santimita ɗaya na saman ƙarfen. Idan ƙarama ce tana lasar gefensa kawai, ko rawaya ce mai lilo kamar ta aci-balbal, zafinta bai isa ba. Sau da yawa jet ne ya fara toshewa, ko ramin shigar iska ya cika da ƙura, ko kuma an bugi ƙarfen lokacin wanki ya kauce daga wurinsa. A nan tamokoful ɗin lafiyarsa ƙalau, ko an sa sabo ba abin da zai canja.

Na uku shi ne datti a kan ƙarfen. Baƙin hayaƙi da ƙonannen mai suna zame masa bargo. Bayan ya huce, a goge shi a hankali da samfefa mai laushi.

Na huɗu shi ne mahaɗa. Lantarkin da bai kai bolt ɗaya ba, ɗan tsatsa ko maiƙo a bakin waya ya isa ya cinye shi. A duba inda tamokoful ya shiga bawul: a kwance, a goge bakin, a mayar. Da hannu ake ɗaure shi, sannan a ƙara kwata ɗaya na juyi da sifana. Ɗaurin da ya wuce haka yana murƙushe abin da ke raba wayoyin ciki, ya kashe sabon ƙarfe nan take. Ba a naɗa masa farin tef ɗin masu aikin famfo, domin mahaɗar lantarki ce, tef ɗin zai raba ta.

Na biyar shi ne birkin zafi. In ya kama saboda man ya yi zafi fiye da kima, hanyar lantarki a yanke take. Wasu injuna suna da ɗan jan maɓalli da ake dannawa bayan man ya huce, wasu kuma da kansu suke komawa. Amma birkin da ya kama yana ba da labari ne: ko man ya yi ƙasa da alamar da ke jikin tukunya, ko tamostat ya daina yanke wuta. A sa ma'aunin zafi a cikin man a gwada da abin da aka saita. Idan an saita 180 ma'auni ya nuna ya haura 200 yana ci gaba, a kashe injin, matsalar ta fi ta 'yar wuta girma.

Sai an wuce waɗannan biyar sannan a ɗauko mita. Irin mitar da masu gyaran waya da masu haɗa sola ke amfani da ita ta wadatar, muddin tana auna milibolt, kuma a garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ba a rasa wanda ya iya karanta ta. A cire ƙarfen daga bawul, mutum ɗaya ya danne maɓalli wutar na ci, ɗayan ya auna. Tamokoful da ya kasa kai milibolt 20 a cikin kyakkyawar wuta ya gaji. Tamofayil da ya tsaya a ƙasa da rabin 750 shi ma haka. Idan an mayar da shi jikin bawul adadin yakan sauka, wannan ba laifi ba ne, littafin kowane inji yana faɗin iyakar da bai kamata a gaza ba. Birkin zafi kuma ana auna shi ne a ga ko lantarki na ratsa shi ba tare da cikas ba alhali man na da sanyi. In wuta ta yi kyau, ƙarfe ya ba da adadinsa, wayoyi da birki sun tsira, to saura maganaɗisun da ke cikin bawul. Bawul shi ne mafi tsada a cikin kayan, shi ya sa ya zo ƙarshe. Ba a buɗe cikinsa a gyara, canja shi ake yi gaba ɗaya, kuma aikin ƙwararre ne.

Idan ta zauna amma babban murhu ya kawo matsala

Wani lokaci 'yar wutar tana ci lafiya, sai a murɗa zuwa babban murhu ya ƙi tashi. A injin mai tamofayil, wannan na nufin lantarkin ya isa riƙe ƙaramar ƙofa amma bai isa buɗe babbar ba, ko kuma tamostat ko wayoyinsa sun yanke. Wasu injuna suna da makunni a jikin famfon tsiyayar mai, wanda ke hana murhu tashi idan famfon bai rufu sosai ba. A duba shi kafin a zargi wani abu.

Wani lokacin kuma da babban murhun ya tashi sai 'yar wutar ta ƙanƙance ta mutu, komai ya tsaya. A nan lissafi ne ke warware zancen. Injin tsaye mai tukunya ɗaya yakan ci kimanin BTU 100,000 a awa, kamar yadda ake rubutawa a allon da ke jikin ƙofarsa, wato kusan kilowat 29. Kilo ɗaya na gas yana ba da wajen BTU 47,000. Ke nan injin yana buƙatar fiye da kilo biyu a kowace awa idan murhu na ci. Rigiletar girkin gida kuwa, da yawanta kilo ɗaya da rabi aka ƙera ta ta bayar a awa. Tana iya ciyar da 'yar wuta, amma da babban murhu ya buɗe baki sai ƙarfin gas ya faɗi. Tiyo mai tsawo ko siriri ma haka yake yi.

Ita kanta tukunyar tana da iyaka. Gas a ruwa yake a cikinta, sai ya jawo zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama iska. Idan ana jan sa da yawa daga tukunya mai kilo 12.5, jikinta zai yi sanyi, ya yi raɓa, har ƙanƙara ta fito, ƙarfin gas ya ragu. Abin ya fi tsanani da asubahin hunturu da kuma lokacin da tukunyar ta kusa ƙarewa. Maganinsa babbar tukunya mai kilo 50, ko a haɗa biyu a kan bututu ɗaya. Masu kwantar da tukunya a ƙasa ko su kusantar da ita ga wuta don ta ƙara ƙarfi suna kiran gobara ne, domin kwantarwar tana tura ruwan gas cikin tiyo.

Akwai kuskuren da ke gefe na biyu. Jin cewa gas ba ya isa, sai wani ya ɗauko rigileta mai ƙarfi irin ta murhun dafa abincin biki ya haɗa. Bawul ɗin waɗannan injuna an ƙera shi ne ya karɓi matsin da bai wuce kimanin milibar 35 ba, ita kuwa waccan rigileta tana iya ba da ninkin haka sau goma ko fiye. Sakamakon shi ne 'yar wuta ta riƙa tashi daga mazauninta tana huci tana mutuwa, bawul kuma ya lalace. Abin da ake nema shi ne rigileta mai ƙaramin matsi, milibar 28 zuwa 37 gwargwadon abin da allon injin ya ce, wadda ke iya ba da kilo uku ko huɗu a awa.

In kuma murhun yana jinkiri sannan ya tashi da ƙara kamar an buga ganga, gas ne ke taruwa kafin wuta ta same shi. Ko 'yar wutar ta yi ƙanƙanta, ko ramukan murhun da ke kusa da ita sun toshe. A daina amfani da shi har a gyara.

Idan tana mutuwa ana tsakiyar aiki

Wutar da ke yin awa ɗaya ko biyu sannan ta mutu, a fara duba iska. Rumfar da ke fuskantar arewa maso gabas a lokacin hunturu, fanka da aka juya wajen mai suya, ƙofar inji da aka bari a buɗe, duk suna kaɗa harshen wutar ya bar kan ƙarfen. Bututun hayaƙin da ke bayan injin idan maiƙo ya toshe shi, ko aka jingina shi da bango, ko aka ɗora tire a kai, hayaƙi zai dawo ƙasa ya shaƙe wutar. Tukunyar da ta fara tsagewa tana ɗigar da mai a kan 'yar wutar, alamarta ita ce ƙonannen mai a ƙasan inji. Irin wannan tukunya ba ta da magani sai canji. Sannan tamofayil da ya tsufa yakan yi aiki da safe ya gaza da rana, lokacin da cikin injin ya ɗauki zafi, domin bambancin zafi tsakanin kansa da gindinsa ne ke haifar da lantarkin.

Injunan gwanjo da na gida

Da yawa daga injunan gwanjon da ake shigowa da su daga Turai da Amurka an saita su ne a kan gas ɗin bututu da ake kai wa gidaje a can. A Zamfara babu irin wannan bututu, na tukunya kaɗai ake da shi, kuma shi ya fi wancan ƙarfi fiye da ninki biyu a mudu ɗaya. Don haka jet ɗinsa ya fi ƙanƙanta. Injin da allonsa ke ɗauke da NAT ko G20 na gas ɗin bututu ne, mai LP ko G30 ko G31 shi ne na tukunya. Idan aka haɗa na farko da tukunya ba tare da an canja jet na murhu da na 'yar wuta da saitin bawul ba, wuta za ta fito rawaya, doguwa, mai baƙin hayaƙi, ta riƙa lulluɓe tamofayil da baƙi kowane 'yan kwanaki. Irin wannan wuta tana fitar da iskar kabon monoksaid, guba marar wari da ke sa ciwon kai da jiri, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki. Mai saye ya karanta allon tun a shagon dillali, ya tambayi kayan canjin kafin ya biya.

Ƙananan injunan kan tebur da ake shigowa da su daga Sin suna bin tsari ɗaya, da tamokoful da ƙyastu, kuma binciken da aka zayyana ya shafe su. Waɗanda masu walda ke ƙerawa a gida kuwa, galibinsu murhu ne da famfo kawai. Ba sa ba da wahalar kamawa saboda babu mai gadin da zai hana, amma idan iska ta kashe wutar gas zai ci gaba da fita. Mai irin wannan ya nemi a sa masa bawul mai tamokoful, kuma kada ya bar shi yana ci ba kowa a wurin.

Gajerun hanyoyin da ke kai ga asara

Idan ciniki ya matso, akwai dabaru biyu da ake yawan yi. Ɗaya ita ce a ɗaure maɓalli da waya ko a cusa masa tsinke ya zauna a danne. Wannan ya cire aikin tamokoful gaba ɗaya, in wutar ta mutu gas zai ci gaba da kwarara a ƙarƙashin tukunyar mai. Ɗayar ita ce a haɗe wayoyin birkin zafi a tsallake shi. Ranar da tamostat ya maƙale, babu abin da zai tsayar da man. Man gyaɗa tatacce yana fara hayaƙi a wajen digiri 230, idan ya haura 300 tururinsa na iya kamawa, tsohon mai da aka daɗe ana suya da shi kuma tun kafin nan yake kamawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

In mai ya kama da wuta, a rufe gas daga tukunya, a rufe bakin injin da murfin ƙarfe ko bargon kashe wuta, a kira 'yan kwana-kwana. Kada a zuba ruwa ko kaɗan. Ruwa idan ya faɗa cikin tafasasshen mai yana zama tururi mai girman ninki 1,700, ya watsa man da wutarsa har rufin ɗaki. Abin kashe gobarar da ya dace da man girki shi ne mai alamar F, ko K a tsarin Amurka.

Abin da ya kamata a tanada

Mai inji a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun da ya san mai gyara na nesa, zai rage wa kansa wahala idan ya ajiye tamokoful ko tamofayil guda na irin injinsa, da jet na 'yar wuta, da doguwar leta, da ma'aunin zafin mai. Ya ɗauki hoton allon injin a wayarsa, domin da lambar da ke jiki ake sayen kaya a Kano ko Legas ba tare da an yi kuskure ba. Idan ya kira mai gyara, ya faɗa masa abu uku: launin wutar da girmanta, daidai lokacin da take mutuwa, da abin da aka canja kwanan nan, ko tukunya ce ko rigileta ko wurin ajiye injin. Sau da yawa da wannan bayani ake gano matsalar ta waya, mai gyaran ya taho da abin da ake buƙata a tafiya ɗaya.

Kowane mako a goge wurin 'yar wuta da busasshen buroshi, a gwada mahaɗun tiyo da ruwan sabulu. Lokacin wanki kada a watsa ruwa cikin ƙofar inji. A lokacin hunturu a rufe shi da dare. Tiyon da ya fara tsattsagewa a canja shi da na gas, a ɗaure bakinsa da kilif. Tukunya ta zauna a tsaye, a inuwa, a wajen ɗakin suya, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ƙayyade shekara 15 a matsayin iyakar rayuwar tukunyar gas, tare da gwada ta duk shekara biyar, kuma shekarar ƙira tana buge a jikin mariƙinta.

Gwaji na ƙarshe shi ne na mai gadin kansa, kuma ya kamata a yi shi duk wata. Bayan an tashi aiki, babban murhu a kashe, a hure 'yar wutar a saurara. Cikin minti ɗaya zuwa uku za a ji ɗan ƙas daga cikin bawul, alamar ƙofar gas ta rufe. In lokacin ya wuce ba a ji ba kuma gas na ci gaba da fita, a rufe tukunya, kada a sake kunna injin sai ƙwararre ya duba shi, ko da kuwa washegari Talata ce.